Filin Tambayoyinku: Furotin Ba Gunki Ba Ne, Motsi Yake Yi

Jama'a assalamu alaikum. Wanga karon wasiƙa guda ta cinye mana kusan duk filin, sai wata 'yar gajeriya da na haɗa da ita saboda tushensu ɗaya ne. Sauran waɗanda suka aiko ku yi haƙuri, saƙonninku na nan ajiye.

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Ni ɗaliba ce aji uku a jami'a nan Gusau ina karanta bayokemistiri amma asalina 'yar Anka ce. An ba ni batun semina kan yadda ake amfani da na'urar NMR a gano motsin furotin masu kai saƙo a cikin ƙwayar halitta, wallahi na karanta handawut ɗin ya fi sau biyar ba abin da na gane sai hadda. Mi ake nufi da furotin na motsi? Kuma ƙaƙa maganaɗisu zai ga abin da ko madubin ƙara girma bai iya gani? Sannan Malam don Allah kar ka ji haushi, wanga karatu mi zai amfana mana mu da muke fama da zazzaɓi da kwalara da gubar dalma?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗiyata. Haushin mi zan ji, ai tambayarki ta ƙarshe ita ta sa na ɗauko wasiƙarki na ajiye sauran, kuma da kika ce ke 'yar Anka ce sai na ga amsar ma a ƙofar gidanku take. Amma bari mu bi ta a hankali.

Ki ɗauki ƙwayar halitta kamar gida mai katanga. Baƙo in ya zo ba ya faɗawa tsakar gida, zaure yake tsayawa ya yi sallama, yaro ya leƙo ya koma ciki ya ce wane na sallama, nan da nan gida ya ɗauki motsi, wagga ta ɗauko tabarma waccan ta ɗebo ruwa. Baƙon bai taka ciki ba amma ya tada kowa. To haka sinadarin adirenalin yake yi lokacin da kika tsorata, ba ya shiga cikin ƙwayar tsokar zuciya, a bakin katanga yake tsayawa wajen wani furotin da ya ratsa fatar ƙwayar sau bakwai kamar yadda zare ke ratsa ƙyalle, kansa na waje ƙafarsa na ciki. Irin waɗanga masu karɓar saƙo muna da kusan iri 800 a jikinmu, da su muke jin ƙamshi da su muke gani, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na magungunan da ake sayarwa a kemis a kansu suke aiki, har da Ventolin ɗin da masu asma ke shaƙa. Abin tambaya, tunda baƙon bai shiga ba, ta ina saƙon ya shiga? Ta motsi. Da adirenalin ya zauna ta waje, sai zare na shida ya karkace ta ciki ya buɗa gefe da kusan nanomita 1.4 (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), sai gurbi ya samu, wani furotin da ake kira G ya shigo ya zauna ya karɓi saƙon ya wuce da shi gaba. Robert Lefkowitz da Brian Kobilka kan aikin waɗanga masu karɓar saƙo suka samu kyautar Nobel a 2012. Shi kuma furotin G makunni ne, ya kunna ya kashe kansa. Kwalarar da kika ambata nan take ɓarna, dafin ƙwayar cutar yana maƙale makunnin nan a kunne cikin hanji ya kasa kashewa, sai ƙwayoyin hanji su yi ta fitar da gishiri ruwa na bin sa, shi ne gudawar nan mai kama da ruwan shinkafa da ke tsotse mutum cikin awoyi. Kin ga ke nan tun yanzu batun ya fara shafarmu.

Yanzu ga matsalar masu bincike. Tun 1958 da aka fara fitar da siffar furotin, hanyar da aka fi bi ita ce a daskarar da shi ya zama kamar ƙwayar gishiri a haska masa hasken eksire a zana siffarsa. Aiki ne babba ba na rainawa ba, amma hoto ne. Ki ɗauki hoton ɗan kokawa yana tsaye a fage, za ki ga ƙirjinsa da damtsensa da layunsa, amma hoton ba zai gaya miki ta wace ƙafa yake kayarwa ba, ko yana da saurin juyi ko nauyin jiki gare shi. Furotin mai kai saƙo kuwa duk sana'arsa a juyin nan take.

Nan NMR ta shigo, kuma ki cire maganar gani daga ranki, ita ba gani take ba, saurare take. Tsakiyar atam ɗin haidirojin wani ɗan mitsitsin maganaɗisu ne. In kika saka shi cikin babban maganaɗisu sai ya riƙa lilo yana zagayawa kamar katantanwar da yara ke murzawa in ta fara karkata, kuma saurin lilon nan ya danganta da ƙarfin maganaɗisun. A maganaɗisu mai ƙarfin tesla 14.1, wanda ya ninka na ƙasar da muke takawa sama da sau 200,000, haidirojin na zagayawa sau miliyan 600 a sakan guda, shi ya sa za ki ji ana cewa na'ura mai megahaz 600. Tashoshin FM da kike kamawa tsakanin 88 da 108 suke, wato dai zangon rediyo ne. Sai a buga wa samfurin ɗan gajeren bugu na igiyar rediyo, atam ɗin su karkace, suna komawa daidai suna fitar da amo, na'ura ta naɗa. Felix Bloch da Edward Purcell a Amurka su suka nuna haka a 1946 suka samu Nobel a 1952, daga baya Richard Ernst na Suwizalan ya kawo dabarar buga duka lokaci guda a bar lissafi ya rarrabe muryoyin, shi ma ya samu a 1991.

Sirrin abin ga shi nan, kuma in kin riƙe wanga kin riƙe rabin seminarki. Kin san kalangu, fata ɗaya ce gangar ɗaya ce, amma in makaɗi ya matse tsirkiya a hammata murya ta tashi, in ya sassauta ta sauka, har ya kira sunan mutum da shi. Haka kowane atam yake, maƙwabtan da suka kewaye shi su ne hammatar da ke matse shi. Haidirojin da ke lungun furotin muryarsa daban da na wanda ke bakin ruwa. Saboda haka duk lokacin da furotin ya motsa, matsin ya canja, murya ta canja, mai saurare ya san wane ɓangare ne ya motsa. Kurt Wüthrich a birnin Zurich shi ya gano yadda za a bi muryoyin nan ɗaya bayan ɗaya a ce wagga ta wane ce, ya fitar da cikakkiyar siffar furotin yana cikin ruwa a 1985, aka ba shi Nobel a 2002.

A aikace kuma ba daga jikin mutum ake yanko furotin ɗin ba. Ana dasa umarnin ƙera shi a cikin bakteriyar E. coli, a ciyar da ita abinci na musamman mai naitirojin 15 da kabon 13, wato nau'in atam ɗin naitirojin da kabon masu ɗan ƙarin nauyi, domin su ne masu amsa kira da kyau kuma ba su da yawa a halitta, kabon 13 kusan kashi 1 ne kacal cikin ɗari, naitirojin 15 ko rabin kashi ɗaya bai kai ba. A tace furotin a zuba kamar rabin mililita a siririyar kwalba mai faɗin milimita 5 a zura ta cikin maganaɗisu. Abin da zai fito a kwamfuta taswira ce mai ɗige-ɗige, kusan kowane amino asid, wato tubalan da ake jerawa a gina furotin, da ɗigonsa, banda guda mai suna furolin da ba shi da haidirojin a jikin naitirojinsa, ki riƙe wanga don malamai na son tambayarsa. In kika zuba magani ko kalsiyam sai ki ga wasu ɗige sun gusa wasu suna nan inda suke, waɗanda suka gusa su ne inda abin ya taɓa.

Misalin da na fi so na kalmodulin ne, ɗan ƙaramin furotin mai amino asid 148 da kujeru huɗu na kalsiyam. In kalsiyam ya ƙaru a cikin ƙwaya, shi ne ɗan aiken da ke ɗaukar labari ya kai wa ɗaruruwan furotin, a ƙwaƙwalwa, a tsoka, ko'ina. Hoton eksire na 1985 ya nuna shi kamar taɓarya, kai biyu da doguwar tsakiya miƙaƙƙiya. To mutane suka yi ta mamaki, ƙaƙa taɓarya guda za ta iya kama abubuwa ɗaruruwa masu siffa daban daban? Sai a 1992 Ad Bax da Mitsuhiko Ikura da abokan aikinsu suka saurare shi da NMR cikin ruwa, ashe tsakiyar nan ba sanda ba ce, laushi gare ta kamar igiya, kawunan biyu kowane na yawonsa, in sun samu abin kamawa sai su rufo a kansa ta gefe biyu. Duk wanda ya taɓa zuwa Argungu ya ga yadda Sarkawa da Kabawa ke riƙe homa ɗaya a dama ɗaya a hagu su haɗe su a kan kifi, to ya ga kalmodulin. Hoton farko ba ƙarya ya yi ba, tsayuwa guda ya kama cikin tsayuwa da yawa.

Akwai kuma abin da har yau in na tuna sai in ce Allahu akbar. Motsin furotin hawa hawa ne, akwai ƙananan karkarwa masu faruwa cikin kashi ɗaya na biliyan ɗin sakan, akwai manyan juyi masu ɗaukar kashi ɗaya cikin dubu na sakan, kuma yawanci aikin kai saƙo a waɗanga manyan yake. Wani furotin zai yi kashi 95 na lokacinsa a zama guda, kashi 5 ne kawai yake miƙewa ya ɗauki wata siffa ya koma. Kamar mai shagon da yini yake zaune bisa benci, duk hoton da kika ɗauka zaune za ki same shi, alhali cinikin duk a 'yan lokutan da ya miƙe ake yin sa. Ita siffar miƙewar ba ta fitowa a taswira don ta yi kaɗan, amma tana barin sawu, tana sa muryar zaman ta ɗan dushe ɗigon ya baje. Sai masana su riƙa buga igiyar rediyo a jere, su ƙara sauri su rage, su auna yadda dushewar ke raguwa, daga nan lissafi ya ba su sau nawa yake miƙewa a sakan, kashi nawa na lokaci, har da kamannin siffar da ba a taɓa gani ba. Lewis Kay a Toronto ta Kanada na cikin waɗanda suka fi gyara wagga dabara.

Amfaninta? Akwai kansar jini da ake kira CML, wadda wani furotin mai suna Abl ke haddasawa in ya maƙale a kunne. Maganin imatinib, wanda aka fi sani da Glivec, ya fito a 2001 ya mayar da ciwon da ke kisa cikin 'yan shekaru ya zama wanda ake rayuwa da shi. A 2020 masu bincike a asibitin St. Jude da ke Memphis suka nuna da NMR cewa Abl na yawo tsakanin siffar aiki da wasu ɓoyayyun siffofi biyu na hutu waɗanda kowace ko kashi 10 na lokaci ba ta kai ba, kuma ɗaya daga cikinsu ita ce maganin ke jira ya cafke. Wanga ya taimaka aka gane dalilin da ya sa magani ke daina ci ga wasu marasa lafiya, wani canji a furotin ɗin na iya sa ya rage shiga siffar da ake kama shi a cikinta. Sabon magani asciminib da aka amince da shi a 2021, da venetoclax na 2016, duk da taimakon NMR aka fara tsinto ƙananan gutsattsarin da aka gina su a kai.

To mu dawo gida ɗiyata. Ke kin fi ni sanin 2010, lokacin da aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, su Dareta da Abare da 'Yargalma, daga baya Bagega, inda ake niƙa dutsen zinari a cikin gida ƙura ta bi tsakar gida yara na rarrafe suna sa hannu a baki. Sama da yara 400 suka rasu, Allah ya jiƙansu ya ba iyayensu haƙuri, wasu da suka rayu an bar su da makanta ko shanyewar jiki ko raunin ƙwaƙwalwa. Kin taɓa tambayar kanki mi ya sa dalma ƙwaƙwalwar yaro take nema? Babban dalili shi ne sojan gona take yi. Cajinta biyu ne irin na kalsiyam, girmansu ya yi kusa, sai ta je ta zauna kujerun kalmodulin, kuma ta fi kalsiyam riƙo. Kalmodulin ya ɗauka saƙo ne na gaskiya ya rufe homarsa ya tafi kai labarin da ba wanda ya aiko. Haka take yi wa wani furotin mai suna PKC, ɗan ƙanƙanin dalma ya isa ya tada shi. Ƙwaƙwalwar yaro ƙarami kuwa da saƙonnin kalsiyam ake saƙa ta, wace jijiya za ta haɗu da wace. Masu bincike sun zuba dalma kaɗan kaɗan a kan kalmodulin suna kallon ɗige-ɗigen nan na gusawa, suka ga ba kujeru huɗun kaɗai take zama ba, har wasu wurare take maƙalewa inda kalsiyam ba ya zuwa, ta karkatar da siffar gaba ɗaya. Ba ita ce hanya ɗaya tilo da dalma ke cutarwa ba, tana kuma hana ƙera jini, shi ya sa yaran ke ɗashewa. Kuma ni ba zan ce miki NMR ce ta ceci yaran Bagega ba, abin da ya cece su kwashe gurɓatacciyar ƙasa ne da maganin da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka yi ta bayarwa mai janyo dalma daga jini. Amma in ana son maganin da zai kama dalma ya bar kalsiyam da zinki da jiki ke buƙata, dole a san yadda take zama a kujerar, kuma ina jin ciwo a raina cewa yawancin masu wanga bincike ba su taɓa taka Zamfara ba, mu kuma da muka binne yaran muna ganin karatun ba namu ba ne.

Kar ki ɓoye raunin na'urar a seminarki. Tana son furotin mai yawa kuma tsaftatacce, in ya cika girma muryoyin sai su cakuɗe, duk da dabarar TROSY da ta fito a 1997 ta rage wagga matsala sosai. Ga tsada, wayar maganaɗisun a cikin ruwan hiliyam take kwance mai sanyin digiri 269 ƙasa da sifiri, kuma dole a riƙa ƙara shi, in ya ƙare maganaɗisun ya mutu. Ni kaina na gama digirina na farko ban taɓa ganin ta da idona ba sai a allo da alli, malaminmu ma bai taɓa gani ba, ranar da na fara tsayawa gabanta a wata ƙasa na ga ɗige na gusawa bayan an zuba kalsiyam sai da idona ya kawo ruwa. In wani ya ce miki ai yanzu AlphaFold, manhajar kwamfuta mai hasashen siffar furotin, ta gama komi tunda masu ita sun samu Nobel a 2024, ki ce masa ta ƙware wajen hasashen siffa, amma sau nawa furotin ke juyawa a sakan da kashi nawa yake yi a kowace siffa, wanga har yanzu sai an auna. Ki kuma ambaci 'yar uwarta EPR, mai sauraren ilektiron maimakon tsakiyar atam, ana liƙa wa furotin alama biyu a auna tazarar da ke tsakaninsu, da ita aka fara ganin karkacewar zare na shidan nan a furotin ɗin ido tun 1996. Sannan ki shiga rumbun PDB a intanet, kyauta ne, akwai siffofi sama da 200,000, ki nemo kalmodulin na eksire da na NMR ki jera su a allo, na NMR za ki gan shi kamar an ɗora zane ashirin bisa juna, inda suka watse nan ne yawanci ake zargin motsi. Ki fara da su kafin ki kawo lissafi. Allah ya ba da sa'a.

TAMBAYA: Malam ni ɗan kasuwa ne a Yauri. Likita ya rubuta wa innata hoton MRI saboda ciwon baya, sai wani ya ce min asalin sunan na'urar akwai nukiliya a ciki kuma tana ƙona jini. Inna ta ce ita ba ta shiga. Mine ne gaskiya?

AMSA: Ɗan'uwa, rabin maganarsa gaskiya ce rabi kuskure. MRI ɗiyar NMR ce da na gama bayani a sama, Paul Lauterbur da Peter Mansfield suka mayar da ita mai ɗaukar hoton jiki, suka samu Nobel a 2003. Kalmar nukiliya a nan tsakiyar atam kawai take nufi, ba ruwanta da bam, saboda irin tsoron nan na Inna ne ma asibitoci suka cire kalmar daga sunan. Haidirojin ɗin ruwan jikinta za a saurara da maganaɗisu da igiyar rediyo, babu irin hasken da eksire ko siti sikan ke amfani da shi, ba ta ƙona jini.

Abin tsoron gaskiya ƙarfe ne, domin na asibiti yawanci tesla 1.5 ne ko 3 kuma kullum a kunne yake ko ba a ɗaukar hoto. Ta cire 'yan kunne da awarwaro da zobe da fil ɗin gyale da duk abin da ke ɗaure a ƙugu, kai ma in za ka raka ta ciki ka bar makulli da waya da katin banki a waje. Ku gaya musu tun kafin a shiga in an taɓa saka mata batirin zuciya ko ƙarfe a ƙashi, ko akwai ɓarɓashin harsashi ko na ƙarfe a jiki, haka in tana da ciwon ƙoda saboda allurar da wani lokaci ake yi don hoto ya fito sosai. Na'urar na da ƙara kamar ana bugun ƙarfe, za su ba ta abin toshe kunne, za ta kwanta shiru kamar rabin awa, ta yi ta tasbihinta a zuci kar dai ta motsa. Ka karanta mata wanga da bakinka, ka ce ina gaishe ta, Allah ya ba ta lafiya.